Yadda na bi sawun tarihin filin Rickwood

Da na ɗaura niyyar rubuta tarihin filin besbol na Rickwood, da ke birnin Birmingham a jihar Alabama ta Amurka, na zaci aikin kwana biyu ne. Na zauna gaban kwamfuta na tattara bayanai: an buɗe shi ranar 18 ga Agusta, 1910, wani attajiri mai masana'antar ƙarfe, Rick Woodward, ya gina wa ƙungiyarsa ta Barons, kuma babu filin besbol na ƙwararru da ya girme shi a ƙasar. Na cika shafi uku, na karanta, na ji shi lami kamar miya ba gishiri.

Sai na tashi na je da ƙafata. Allon maki har yau na hannu ne, mutum ke tsayawa bayansa yana sauya lambobi. Na daɗe ina kallonsa kafin wani dattijo cikin masu kula da wurin ya ja ni can ƙuryar dama, ya nuna mini inda ake keɓe baƙar fata a zamanin wariya. Ya ce ranar da ƙungiyar baƙaƙe ta Black Barons ke wasa, turawa ne ke komawa wannan lungun. Na zauna nan, na ga yadda mai bugun ƙwallo ya yi mini nisa, jikina ya yi sanyi. A shafuka ukun nan nawa, ko sau ɗaya ban ambaci Black Barons ba.

Laifina ne, domin jaridun turawa kaɗai na bi, su kuwa ba su cika damuwa da wasan baƙaƙe ba. Sai da na koma kan jaridun baƙar fata irin su Birmingham World da Pittsburgh Courier labarin ya fara fitowa. A wannan fili Willie Mays, wanda daga baya ya zama shahararren ɗan wasan besbol, ya buga wa Black Barons a 1948, yana ɗan shekara 17, bai ma gama sakandare ba. A shekarar suka kai wasan ƙarshe na gasar baƙaƙe, ƙungiyar Homestead Grays ta doke su. Wani abin da ya tsaya mini a rai: Bull Connor, kwamishinan tsaron jama'a na Birmingham wanda ya sa aka saki karnuka kan masu neman 'yanci a 1963, da sharhin wasan Barons a rediyo ya fara yin suna.

Ranar 20 ga Yuni, 2024, ƙungiyoyin Cardinals da Giants na babbar gasar besbol ta Amurka suka kara a Rickwood domin karrama 'yan wasan gasar baƙaƙe. Mays bai ga ranar ba, ya rasu saura kwana biyu, yana da shekara 93.

Na yaga shafukan farko. Sabon rubutun daga wancan lungun na dama na fara shi.