Furen da aka rena daga ƙwaya

Idan hunturu ya kama a Kano, daga watan Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, ba na samun sukuni a lambuna. Lokacin ne iri ke tsirowa lafiya, kafin zafin Maris da Afrilu ya zo ya dafa shi a cikin ƙasa. Mutanen Jos Allah ya hutar da su, suna da sanyi kusan duk shekara. Mu nan sai lissafi.

A hannun wani tsoho na koyi aikin nan, mai kula da lambun wani gida a unguwar Nasarawa. Baba muke ce masa. Ranar da na fara, na ɗauki bokiti na kwarara wa irin furen petunia ruwa, sai ga shi ya taru a lungu ɗaya. Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yaro, wanka kake yi masa?" Ya ɗauko gwangwanin madara, ya huda gindinsa da allura, ya miƙo mini. Har yau da irin wannan gwangwanin nake shayar da sabuwar shuka.

Irin petunia kamar ƙura yake, in ka yi atishawa ka yi asara. Ba a binne shi, yana son haske kafin ya tsiro. Nakan gauraya shi da rairayi mai laushi, in barbaɗa, in danna da tafin hannu kawai. Marigold da zinnia kuwa ba su da fitina: ka rufe su da ƙasa kaɗan, cikin kwana 5 zuwa 7 ka ga kore. Marigold na iya fara fure kafin wata 2. Ƙasar kuma ni nake haɗa abata, rairayi da ƙasar lambu da kashin shanu wanda ya ruɓe sarai ya daina wari, in tankaɗe da rariya. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi, ya kuma gayyato gara. Ruwa in ya yi yawa, sai ka wayi gari ka tarar da tsiron ya kwanta, wuyansa ya ruɓe daidai bakin ƙasa. Ga ƙadangare, wanda zai share maka aikin mako 3 kafin ka idar da azahar, shi ya sa nake rufa musu tsohon gidan sauro.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu sayar da iri. Fakiti mai hoto kamar ka ci, amma ya shekara yana shan rana a kan tebur. Bara na shuka faranti 6, ko ɗaya bai tsiro ba, da na koma sai mutumin ya ce wai hannuna ne. Hannuna! Yanzu kowane iri sai na naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen ƙyalle na ga nawa suka fasa kafin ya taɓa ƙasata. Marigold da zinnia ma na fi tara nawa, in busar a inuwa, in zuba a kwalba. Amma wanda aka rubuta F1 a jikin fakitinsa, wato irin da aka samu daga auren iri biyu, ba na wahalar da kaina wajen tara shi, 'ya'yansa ba sa gado.

Sai an yi ganye 4 nake dashe cikin ledar fiyawata, da yamma, in bar su a inuwar zana su kwana biyu suna farfaɗowa. Bayan duk wannan sai mota ta tsaya, a sauke gilashi: "Malam, nawa wannan ciyawar?" In faɗi kuɗi, a ce can gaba rabin haka ne. Nakan ce, "Hajiya, ki je ki ɗan ja shi a hankali ki gani." Wasu reshe mai fure suke yankowa su soka a leda da safe, babu saiwa ko ɗaya, kwana 3 ya langaɓe. Ni a gabanki zan yage ledar, ki ga farar saiwa ta naɗe ƙasar.

Marigold ɗin bana, ruwan ɗorawa da ruwan lemo, sun fara toho, nan da mako 2 za su buɗe. Mai son petunia ya ƙara haƙuri, ba ta son gaggawa.