Alhamis, ranar da na kira sunansa

Sanyi ya sauko Gusau da gaske yau. Da na fito alwalar asuba ruwan buta kamar ƙanƙara, hazo ya rufe ko dalbejiyar maƙwabta ba a gani. Ban koma barci ba, don tun jiya da la'asar Yaya Alhaji, wan marigayi maigidana, ya aiko cewa yana tafe da hantsi, akwai magana. Na san maganar. Wata takwas ke nan ina ɗauke da ita ni kaɗai.

A azumin da ya wuce yaron ya faɗa mini. An sha ruwa, ƙannensa sun tafi asham, ya zauna bakin ƙofar ɗakina yana tsinkar gefen tabarma, ya ce, "Inna, ni fa zuciyata ba ta taɓa karkata ga mace ba. Na yi azumi, na yi addu'a, na sha rubutu, ba abin da ya sauya." Daren nan ban ce masa uffan ba, kuma har yanzu shirun yana ci mini rai. Kwana uku ina kuka a ɓoye. A na huɗu na lura kwanon sahur ɗinsa yana dawowa yadda aka kai shi, idanunsa sun faɗa, sai tsoron abin da zai iya yi wa kansa ya kama ni. Na ɗauki kwanon na kai masa da hannuna, na ce, ci, ba inda za ka.

Shi ne ɗan farina. Shekara 27 ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan" ko "kai". Haka aka rene mu, uwa ba ta nuna son ɗan fari, ko goyonsa kakarsa ce ta fi yi.

Yaya Alhaji ya iso tare da ƙanwarsu, gwaggon yaran. Na shimfiɗa musu darduma a tsakar gida inda rana ta fara bugawa, na kawo fura, ba wanda ya taɓa. Ashe wani ɗan dangi ne ya ari wayar yaron, ya buɗe saƙonni, ya kwashe ya kai wa manya. Yaya ya ce, "Hajiya, munka zauna munka duba, maganin abin ga aure ne. Ga ɗiyar gwaggonsa nan ta kai, a yi tuwona maina, asiri ya rufu. In ya ƙi, ya bar muna gida."

Yarinyar shekararta 18, a hannuna ta koyi a, ba, ca lokacin ina koyarwa a firamare. Na dubi uwarta na ce, "Gwaggo, kin yarda a ɗauki ɗiyarki a mayar da ita murfin tukunya? Ta kwana tana tambayar kanta me ta rasa, alhali ba laifinta, ba laifinsa?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

Sai na faɗa wa Yaya abin da na san bai lissafa ba. Ina garin nan ranar 27 ga Oktoban 1999 da Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a, Gusau ta cika ta batse, mun yi kabbara har murya ta dushe, yaron nan yana goye a bayan kakarsa. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2000 ta ce namijin da aka samu da laifin kwanciya da namiji in bai taɓa aure ba bulala 100 ce da ɗaurin shekara ɗaya, in kuwa ya taɓa aure jefewa ce. Ga kuma ta tarayya da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren jinsi ɗaya. Na ce, "Yaya, auren da kuke kira rufin asiri, shi zai matsar da shi kusa da dutse. Ni ba zan ɗaura da hannuna ba."

Nan ransa ya ɓaci. Ya ɗaga murya, ya furta kalmar nan da ake zagi da ita a kasuwa, a tsakar gidan ƙaninsa. Tun safe ƙarar keken ɗinki ke fitowa daga ɗakin yaron, yana haɗa kayan wata amarya. Sai na ji keken ya tsaya cak.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na kira sunansa, sunan yanka, da ƙarfi, na ce fito ka gaida baffanka. Gwaggo ta dafe baki. Ya fito da tef ɗin awo rataye a wuya, zare maƙale a rigarsa, ya durƙusa hannunsa na rawa. Na ce, "Wannan ɗana ne, nan gidan ubansa ne, yana da gado a ciki. Shi ke sayo mini maganin hawan jini duk wata, shi ya biya wa ƙanwarsa kuɗin jarrabawa. Wanda zai kore shi ya fara da ni."

Gwaggo, don ta kashe wutar, ta ce ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na gode mata, amma a raina na ce wannan hannun bai ruɓe ba. Ban fi malamai sani ba, ban kuma bar sallata ba. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, Shi ya halicce shi, Shi ya san zuciyarsa. Ni amanar da aka ɗora mini ita za a tambaye ni.

Yaya ya tashi ba sallama. Zai dawo, kuma ba shi kaɗai ba.

Da la'asar yaron ya ce ko ya tattara ya tafi Kaduna don in huta. Na ce ba zai bi hanyar Funtuwa a guje ba, ga 'yan bindiga, ga ba wanda ya sani can. In tafiyar ta zama dole, zai tafi da rana tsaka, da kekensa, da albarkata. Na ja masa kunne kan waya, don akwai masu yaudarar irinsu su kira su wani wuri, su lakaɗa musu duka, su ƙwace kuɗi, sun san ba mai iya kai ƙara. Ya ce ya sani, ya goge komai.

Bayan isha'i na kwashe tuwon dawa da miyar kuka, na leƙa na kira shi cin abinci da sunansa. Bakina bai saba ba, kunnensa ma haka, sai da na maimaita sannan ya amsa.