Kyamarar da ta dace da ɗaukar hoton zane

Zane ba ya motsi, kuma wannan kaɗai ya isa ya rage wa mai neman kyamara kuɗi mai yawa. Abubuwan da kamfanoni suka fi tallatawa, irin su ɗaukar hotuna birjik a cikin daƙiƙa ɗaya ko bin tsuntsu yana shawagi, ba su da wani amfani ga wanda zai kafa kyamara a gaban allon zane. Abin da ake nema a nan shi ne riƙon amana, wato hoton ya fito da launin da mai zanen ya haɗa da hannunsa, ba tare da ƙari ko ragi ba.

Saboda haka ne ba na ba da shawarar dogaro da wayar salula, duk da kyan hotunanta. Manhajar da ke cikinta takan ƙara wa launi armashi, ta haskaka inuwa, ta kaifafa layuka, alhali kuwa mai zane da gangan ya bar wani sashe a dushe. Sharaɗina na farko shi ne kyamara ta iya adana hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa shi ba, ta kuma bari mutum ya saita komai da kansa. Hoton JPEG, wato tsarin hoto na yau da kullum, matakan haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, na RAW mai bit 14 (ma'aunin zurfin launi) kuwa yana riƙe 16,384, kuma a nan ne ake samun sararin gyara launi daga baya ba tare da hoton ya lalace ba.

Batun megafiksel, wato yawan miliyoyin ɗigon da ke cikin hoto, bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da ɗigo 6000 a faɗi da 4000 a tsaye, wanda ya isa a buga hoto mai faɗin inci 20 bisa ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci. Sai mai niyyar buga manyan zane-zane a ainihin girmansu ne yake buƙatar fiye da haka.

Inda ya kamata kuɗi ya tafi shi ne gilashin da ke bakin kyamarar. Mai zuƙowa, wanda akan haɗa da kyamara a kwali ɗaya, yakan lanƙwasa miƙaƙƙun layuka, sai ka ga gefen allon ya kumbura kaɗan, kusurwoyin kuma sun yi hazo. Gilashin makro, na ɗaukar abu daga kusa, mai tsawo ɗaya wanda ba ya zuƙowa, tsakanin milimita 50 da 105, an ƙera shi ne don ya ɗauki shimfiɗaɗɗen abu da kaifi iri ɗaya tun daga tsakiya har baki. A ganina, tsohuwar kyamara mai irin wannan gilashi ta fi sabuwa dal wadda ba ta da shi. A ɗora ta a kan ƙafa uku daidai tsakiyar zanen, a sa ISO, wato ma'aunin jin hasken kyamara, a 100 da ƙofar haske a wajen f/8, sannan a bar agogon jinkiri ya ɗauka don kada hannu ya girgiza ta.

Duk ingancin kyamara, haske ne yake yanke hukunci. Fitilu biyu iri ɗaya, ɗaya a dama ɗaya a hagu a kusurwar digiri 45, suna kawar da yawancin ƙyallin da fentin mai yake yi. Idan ƙyallin ya ƙi tafiya, musamman a kan zanen da aka shafa wa banish, wato man sheƙi mai kare fenti, akwai matatar haske mai suna polarizer da ake ɗaurawa a bakin gilashi, ana juya ta a hankali har farin ɗigon da ke kan tudun fenti ya ragu, asalin launin ya bayyana. Kafin a ɗauki zanen kuma, a fara ɗaukar katin launuka irin ColorChecker mai murabba'i 24 a ƙarƙashin fitilun nan, domin da shi ne za a daidaita launi a kwamfuta.