Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Lalube

Makon jiya na tsaya a kan ambaliyar 2020, yadda ruwa ya shanye shinkafarmu a fadamar Argungu tana gab da fitar da kai. Na yi alkawarin yau zan kawo maganar bashin taki, amma ku yi mini haƙuri. Tun daren Talata wani kwikwiyo da na tsinta ke yi mini yawo a rai, kuma na san in ban sauke maganarsa ba, hannuna ba zai rubuta wani abu ba.

Ruwa ya fara janyewa ke nan na tsince shi. Ina dawowa daga duba gona, ko in ce duba inda gona take, sai na ji wani siririn kuka daga cikin kwalbatin bayan makarantar allo. Yara sun kewaye wurin, ɗaya na zungurarsa da kara. Da na leƙa sai ga ɗan abu baƙi ƙirin, ya jiƙe sharkaf da taɓo, yana ta juyi wuri ɗaya yana buga kai da siminti. Ba uwa, ba 'yan'uwa. Na kwance buhun taki daga bayan mashin na naɗe shi a ciki, yana ta kyarma har muka iso gida.

Da farko ban gane makaho ba ne. Kwikwiyo da ido a rufe ake haihuwarsa, sai ya yi kamar mako biyu yake buɗewa, shi ya sa na ɗauka ƙuruciya ce. Uwargida ce ta lura. Ta ce, “Maigida, wannan fa haƙoransa sun fito, dubi idon.” Idanun a buɗe suke, amma fari fat, kamar an ɗiga musu nono. Washegari na kai shi asibitin dabbobi. Ma'aikacin ya haska masa tocila, ya saki ɗan ƙullin auduga a gaban fuskarsa don ya ga ko zai bi shi da kallo, ko gezau. Ya ce da alama haka aka haife shi. Ya cire masa kaska da ƙuma, ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya ce in ya cika wata uku in dawo da shi a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, kuma kowace shekara a sake. Har yau katin yana cikin jakar takarduna, tare da takardar haihuwar yara.

A zaure na tarar da Baffa ranar. Ya dubi buhun, ya dube ni, ya ce, “Mi kaka yi da makahon kare? Ba shi tsaro, ba shi hwarauta, sai ci.”

Ban ba shi amsa ba, don ba a yi mana tarbiyyar mayar wa manya magana ba. Amma na taɓa jin wannan muryar, a wannan zauren, ina ɗan shekara tara. A shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ne, 1991, idon Baba ya ƙarasa rufewa. Ni ne ɗan jagora. Ni ke riƙe kan sanda, shi yana riƙe da gindinta, mu tafi masallacin Juma'a, mu tafi kasuwa, mu tafi gaisuwar mutuwa. Lokacin bikin kamun kifi cewa yake in kai shi bakin kogin Matan Fada, ya tsaya ya kasa kunne, in masunta suka ruga ruwa da goruna da homa sai ya yi murmushi ya ce, “Sun faɗa.” Tun kafin in gani da idona yake faɗa mini. To a wannan shekarar Baffa ya zauna a kan buzun nan ya ce makaho ba ya noman fadama, a ba shi gonar ya riƙe kafin yara su tasa. Yara sun tasa, har sun yi furfura. Gonar da ruwa ya cinye mini a 2020 ta haya ce.

Inna ba ta ce komai ba a lokacin sai abu ɗaya, wanda ta riƙa maimaitawa har ta koma ga Allah: bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abin sawa. Shi na tuna ina tsugune ina ɗura wa kwikwiyon madara da sirinji marar allura, kaɗan-kaɗan ta gefen baki don kada ya shaƙe. Bayan kwana goma ya fara lasar koko da kansa, daga nan sai tuwo da aka dama da romon kan kifi, wanda dai ba ya wuya a garinmu.

Ba zan zalunci Baffa ba, akwai abin dubawa a maganarsa, kuma ni ma zuciyata ba ta kwanta ba sai da na je wurin malaminmu bayan Magariba. Ya ce hadisi ya tabbata cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa na raguwa kullum, kuma mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Ya ce amma hadisi ya tabbata a Bukhari cewa Allah ya gafarta wa mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi. Ya ƙara da cewa a wurin Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, don bin umarni. “Ka ajiye shi wajen turken awakinka,” in ji shi, “kada ya shiga ɗaki, kaskonsa daban. Jefar da shi cikin ruwa kuwa, wannan ba na ba ka fatawarsa.” Haka na yi. Na kafa masa 'yar rumfa da zana kusa da turke, na shimfiɗa buhu.

Yara ne suka sa masa Lalube. Na so in hana, don sunan ya sosa mini wani wuri, amma kafin in ankara har ya fara amsawa.

Abin da ya ba ni mamaki, duk abin da na koya a hannun Baba shi ya yi mini aiki. Ba a taɓa makaho sai an yi magana tukuna, in ba haka ba ya zabura. Na hana yara su cafke shi daga baya, sai sun kira sunansa ya juyo da kunne. Ba a canza wa kaya wuri. Turmi inda yake, randa inda take, murhu kuma na kewaye shi da bulo biyu. Rijiya na sa kafinta ya yi mata murfin katako mai sakata, abin da na shekara ina cewa zan yi saboda yara ban yi ba. Daga rumfarsa zuwa kaskon ruwa na zuba tsakuwa, ƙafarsa na taka ta ya san yana kan hanya. Na ɗaura wa babbar akuya ƙararrawa a wuya, sai ya zama duk inda ta yi yana bayanta. Kalma uku na koya masa, tsaya, hau, sauka, irin waɗanda nake faɗa wa Baba a bakin dakalin masallaci. Wata biyu kawai ya haddace gidan, har yana gudu a tsakar gida, ya kauce wa turmi kamar yana ganinsa. A cikin duk mashinan da ke wucewa layinmu, ƙarar nawa kaɗai ke tashe shi, tun ina kwanar masallaci uwargida ke sanin na dawo.

Ranar da ba na mantawa ita ce ta sunan autarmu. Mata sun cika gida, an jawo turmi tsakiya, an jera tukwane ko'ina, ni kuma hidima ta ɗauke mini hankali ban ɗaure shi ba. Ya fito da gudunsa na kullum ya daki turmi da goshi, ya juya ya faɗa cikin kwanuka, ya rikice, ya yi ta zagaye yana kuka irin na ranar kwalbati. A haka ya yi karo da ƙafar Baffa a bakin zaure. Baffa ya sa takalmi ya shure shi har sai da ya bugu da bango, ya ce, “Ba na hwaɗi ba? Sai ci.” A gaban baƙi, a gidana, ranar sunan 'yata. Na ɗauke shi na kai rumfa, na zauna da shi har kyarmar ta tsaya, mutane na ta nemana a yi addu'a. Inna ce kawai a raina, da maganarta ta bakin da Allah ya tsaga.

Yau da ƙyar yara biyu ke riƙe igiyarsa saboda ƙarfi, kuma da dare ko ɓera ya motsa wajen turke sai unguwa ta ji. Baffa bai daina zuwa gidan ba, ni ma ban daina durƙusawa in gaishe shi ba. Sai dai tun yana bakin layi, kafin ya yi sallama, Lalube ke gane jan takalminsa, ya tashi ya shige bayan akuya ya kwanta, ba ya fitowa sai ya tafi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma kan bashin taki, da zaman da aka yi a gidan mai unguwa kan gonar Baba.