Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Motar da Ke Harbi a Kwana

Jama'a, assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a ranar da na karɓo mukullin motata ta farko daga hannun dillali a Jalingo, bayan na sayar da shanu biyun da na gada, na haɗa da abin da na tara a shekara tara ina tuƙa motar mutane. Farar Toyota ce a-kori-kura, ƙirar 1994, mai injin 22R-E. 'Yar Amurka ce, ta biyo ta Kwatano a 2015, kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu a farkon 2017. Tana da giyar taimako, kuma abin da ya sa na nace a kanta ke nan, don duk wanda zai ci abinci a tsaunin Mambila da motar da ba ta ja da ƙafa huɗu, da rani kawai zai yi aiki.

Daga Jalingo har Bali lafiya lau muka zo. A Serti na tsaya shan mai. Ina fitowa daga gidan man, na karya sitiyari zan hau titi, na ɗan taka totur, sai ji na yi gwam! a ƙarƙashina, kamar an maka wa motar taɓarya. Bayanta ya yi wani ɗan tsalle. Gabana ya faɗi ras. Na fito na durƙusa na leƙa: ba mai a ƙasa, ba abin da ya karye, farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa ƙafafun baya, na nan daram. Yaron motata ya ce, "Oga, ko dutse muka taka?" Babu ko tsakuwa a wurin.

Wanda ya san hanyar ya san daga Mayo Selbe ake fara hawan dutse, kwana bayan kwana, har a ɓulla Maisamari. A kowace kwana sai in ji ƙas-ƙas-ƙas daga baya, kamar mai ƙirga kuɗin ƙarfe. In na saki totur na sake takawa a tsakiyar kwanar, sai ta harba. Na wuce Nguroje na isa Gembu da magariba, jikina a sanyaye. Daren nan ban runtsa ba. Shanun ubana nake ta gani a idona.

Da safe na kai ta gareji. Wani matashin bakanike ya zagaya da ita sau ɗaya ya ce haƙoran aksul na baya, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya biyu, sun kakkarye, sai dai a nemo wani. Kuɗin da ya ambata ko rabinsu ba ni da shi. Ina zaune a kan tsohuwar taya na rafka tagumi, sai wani dattijo da ke gyaran tsofaffin Land Rover tun ana jihar Gongola ya yafito ni. Ya ce, "Direba, haƙorin da ya karye ba ya zaɓen kwana. A miƙaƙƙiyar hanya ma sai ya yi kuka. Kawo jak."

Muka ɗaga bayan motar, ƙafafun biyu suka bar ƙasa, ya sa ta a giya. Ya ce mu juya tayoyin gaba tare har su tsaya, yarona ya danne ta hagu da ƙarfi. Shi kuwa ya kama ta dama ya mayar da ita baya. Sai ga ta tana juyawa sumul tana ƙas-ƙas-ƙas, sak ƙarar da ta hana ni barci. Muka sauya ɓangare, haka. Ya yi murmushi, amma bai ce komai ba sai da ya zare sandunan ƙafafun biyu, ya kwance farfela, ya ciro kan aksul ɗin ya ajiye a kan buhu. Ƙananan giyoyin nan da kowa ya sani a ciki babu su. A madadinsu wasu fayafayan ƙarfe ne masu haƙora sun ciji juna, da sifirin a kowane gefe, fes, ko tsagewa babu.

"Ɗana, motarka ba ta da ciwo," in ji shi. "Loka ce. Mai ita a can ƙasarsu shi ya sa mata. A manyan motoci na saba ganinta, ban taɓa gani a ƙarama ba sai yau."

Daga baya wani ƙanena ya ɗauki hotonta ya bincika a intanet, ya ce sunanta Detroit Locker, kamfanin Eaton ke yin ta yanzu, kuma asalinta tun shekarun 1940 ne, har motocin sojan Amurka sun yi aiki da irinta a Yaƙin Duniya na Biyu. A can masu sha'awar hawa duwatsu da kutsa daji ke sa wa motocinsu. Abin wasan wani ne ya tsallako teku ya faɗo hannun mai neman abinci.

Bari in bayyana yadda abin yake, don akwai direbobi da yawa da suka tsufa a kan sitiyari ba su taɓa leƙa cikin aksul ba. Wanda ya taɓa huɗa da shanu ya san in an kai ƙarshen kunya za a juyo, sa na waje sai ya ƙara taku, na ciki ya rage. Haka tayoyin baya suke a kwana. Difarenshal na kowace mota aikinsa ke nan, ya bar ta waje ta fi ta ciki gudu. Aibinsa ɗaya: ƙarfin da yake ba kowace taya ba ya wuce abin da mai raunin cikinsu za ta iya riƙewa. In ɗaya ta faɗa taɓo sai ta yi ta wulwulawa tana feshin laka, 'yar'uwarta kuwa tana kan busasshiyar ƙasa a tsaye ƙiƙam. Ko ka sa taimako, ana iya samun ɗaya a gaba ɗaya a baya suna juyawa a banza, mota ba ta motsa ba.

Loka ba ta yarda da wannan. Muddin injin na turawa a miƙaƙƙiyar hanya, tayoyin biyu a ɗaure suke. Ba maɓalli, ba waya, ba ruwanta da ra'ayin direba. Dokarta guda ce: taya tana iya fin injin gudu, amma ba ta isa ta yi ƙasa da shi ba. Shi ya sa a kwana ta waje take zamewa daga haƙoran ta yi gaba abinta, ƙas-ƙas ɗin ke nan, ta bar wa ta ciki jan motar. In ka taka totur da ƙarfi a lokacin, ta ciki ta murza ƙasa ta cim ma ta waje, haƙoran su koma su ciji juna lokaci guda. Harbin ke nan.

Na ce, "Baba, to a cire ta mana, a sa irin ta kowa." Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Bari damina ta faɗi tukuna. In ka dawo ka ce a cire, ni zan cire maka kyauta, amma ka bar mini ita."

Damina a Mambila doguwa ce, kuma jar ƙasar can in ta sha ruwa sabulu ba ya fin ta santsi. A watan Agusta na ɗauko buhu goma sha biyu na gishirin shanu zan kai wa wasu makiyaya ta wajen Mayo Ndaga. Gishiri ba kaya ba ne da ake kwana da shi a daji cikin ruwa, ko da tamfol. Muka iso wani hawa da ruwa ya yanka masa rami a gefe guda, muka tarar da motoci biyu a gindinsa tun hantsi. Fasinjoji sun tuɓe takalma, laka har gwiwa, suna cusa duwatsu da rassan turare ƙarƙashin taya. Na tsaya ina kallon ta gaban: ƙafar dama ta baya a cikin ramin tana ta juyawa tana hayaƙi, ta hagu a kan tsandauri ko motsi. Abin da Baba ya faɗa ne a gaban idona.

Da aka ja ta gefe, direbanta ya ce, "Malam, sauke rabin kayanka, in ba haka ba nan za ka kwana." Na yi bisimilla, na sa ƙaramin taimako, wanda ke rage gudu ya ƙara ƙarfi, giya ta biyu, na ajiye ƙafata a wuri ɗaya ban ƙara ba ban rage ba. Na ji lokacin da ƙafar dama ta zurma ramin, motar ta karkata har gishiri ya motsa a baya. Na jira in ji wulwulawar da na saba ji shekara tara. Ba ta zo ba. Ƙafar hagu ta kama tsandaurin nan ta tura, a hankali a hankali kamar raƙumi na tashi da kaya, muka haye. Yarona yana ta kabbara a bayan mota. Ni kuwa da na tsaya a sama hawaye ne suka zubo mini, don rabona da natsuwa a kan kuɗin shanun nan tun ranar Serti. Na sauko da igiya muka jawo motocin biyu.

Kwana huɗu bayan haka ta nuna mini ɗaya fuskar. Ina saukowa daga Nguroje a kan kwalta, bayan motar fayau ba kaya, ana yayyafi, uwargida na gefena da jaririyarmu a cinya. A wata kwana na sauya giya na taka totur yadda na saba a motocin da. Tayoyin baya biyu suka kufce tare. Bayan motar ya zagayo, na ga ciyawar gefen hanya ta gilashin da ya kamata in ga titi. Allah ya sa ba mota a tafe, na saki totur na bi ta da sitiyari, muka tsaya a karkace, ƙafa ɗaya a cikin ciyawa. Ba wanda ya ji ciwo. Ta rungume yarinyar tana salati, can ta ce, "Maigida, don girman Allah ka rabu da wannan abu."

Na daɗe ina juya maganarta. A motar da ba loka, in taya ɗaya ta kufce, ɗayar da ba ta murzawa ita ke riƙe bayan motar kamar turke. A tawa babu turken. Abin da ya haye da ni ramin gishiri shi ne ya juya ni a kwalta. Na ba ta haƙuri, na ce ta ba ni wata uku, in na sake ko da kusan haka zan kai wa Baba. Laifin na ƙafata ne, ita zan gyara.

Na koma ɗan koyo. Na rage gudu tun kafin kwana, in gama sauya giya a miƙe, in shiga da ƙafa a sake ko a tsaye wuri ɗaya, ba na takawa sai hancin motar ya daidaita. In zan juya a tasha ko cikin kasuwa, sai in taka kuloci in bar ta ta gangara, ta yi ƙas-ƙas ɗinta cikin lumana. Na daina yawo da bayanta fayau da damina, kullum akwai buhun yashi biyu a kan aksul. Hanyar da ta karkata a gefen tudu kuwa, in da santsi, ita na fi tsoro har gobe, don in tayoyin suka murza tare bayan motar gangare yake nufa a kaikaice kamar ƙaguwa. A irin wurin tafiyar hawainiya nake yi, kowa ya yi ta hon.

Sai taya. Dole na baya su zama iri ɗaya, tsayi ɗaya, iska ɗaya. Ranar da mai faci ya cika wa ɗaya iska fiye da ɗaya, motar ta yini tana fizga gefe tana harbi a miƙaƙƙiyar hanya. Tun daga nan na sayi gejin kaina, kowace asuba bayan salla sai na auna. Tayoyin baya suna cinyewa da wuri fiye da na abokan aikina, kuma bibbiyu nake saye, ba na gauraya sabuwa da tsohuwa. Wannan kuɗi ne, ba zan ɓoye ba.

Wasu da suka ga aikinta sun je an yi wa giyoyin aksul ɗinsu walda don su ma tayoyin su ɗaure. Na roƙe su kada su yi. Tawa tana saki a kwana, mai walda ba ta saki har abada, ga lodi a kai, ƙarfin duk a sandar ƙafa yake ƙarewa.

Wata ukun suka cika, uwargida ba ta sake tayar da maganar ba, sai ma ta zama in ta ji ƙas-ƙas a kwanar layinmu take ɗora ruwan shayi. Na koma wurin Baba da goro da kwalin ganyen shayin Kakara. Yana hango ni ya ce, "Ka kawo mini kayana?" Na ce, "Baba, man giya na zo a sauya."

A damina ta biyu ne wani ɗan kasuwa ya same ni da maganar lodin siminti zuwa Dorofi, buhun da ya fi ƙarfin motar, da kuɗin da ya fi ƙarfin zuciyata. Yadda muka kwana biyu a hanya, da wanda ya zo ya cece mu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.