Littafin Gwaggo

Laraba. An ɗauke wuta tun asuba. Na raka su Ummi makaranta, na biya kasuwa, tumatir ya sake tashi.

Maganar Gwaggo ce ta tsaya min a rai. Sakamakon gwaji ya fito, karo na uku ke nan tun da yaƙin Sudan ya sa muka baro garin Wad Madani a Disambar 2023 muka sauka nan garin Gadarif. Ba gyambon ciki, jini lafiya, zuciya lafiya. Amma ni nake kwana ɗaki ɗaya da ita, na san yadda take dafe ciki tana juyi har kiran assalatu.

Muna fitowa ta ce, "Wato ƙarya nake yi ke nan, 'yar nan?"

Na ce, "Haba Gwaggo, wa ya isa? Likita cewa ta yi ciwon na gaske ne, damuwa ce ta sauka a jiki. Ba mu ne muke cewa cikin mutum ya ɗuri ruwa in ya firgita ba?"

Sai da muka zauna shan jabana, gahawar Sudan, na sake ɗauko shawarar likitar: kwana huɗu a jere, kullum minti 15, ta rubuta abin da ke cin ta, ba mai karantawa. Na ce mata wani masani a Amurka, James Pennebaker, ya gwada haka da ɗalibai, ya wallafa sakamakon a 1986. Waɗanda suka rubuta abin da ya same su da yadda suka ji, zuwansu wurin likita ya ragu a watannin da suka biyo baya.

"Ni Allah nake kai wa kukana."

"Ki ci gaba da kai masa, Gwaggo. Wannan ƙari ne."

Bayan la'asar ta ɗauki tsohon littafin lissafin Ummi ta saki labule. Da ajami take rubutu, boko bai taɓa shiga hannunta ba. Ta fito ido jawur. Likita ta riga ta ce rana ta farko nauyin kan ƙaru, duk da haka gabana ya faɗi.

Ta ce, "Na rubuta sunansa."

Ban tambaye ta wa ba. Ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kiran sunan Yaya ba, kuma tun ranar da muka rabu a gada ba amo ba labari.

Ta ci loma uku da daddare. Littafin na ƙarƙashin matashinta. Har yanzu ban ji juyinta ba, ni ce na kasa barci.