Tallan fim da maganar Yaya

Yau dai mun je silima, ni da Yaya da Auta. Tun da rana nake azalzalarsu mu fita da wuri, Yaya na ta cewa wai saurin me nake, ai lokacin da aka rubuta a tikiti ba shi ne lokacin fara fim ba, sai an ɓata wajen minti 20 ana tallace-tallace. To ni ai abin da ke kai ni kenan! Wani lokacin wallahi tallan finafinan nan ya fi min fim ɗin daɗi, a rage fitilu, sifikoki su fara rugugi har kana ji a ƙirjinka, kowanne bai wuce minti biyu da rabi ba amma sai ka rantse ba a taɓa yin fim kamarsa ba.

Na farko yaƙi ne a sararin samaniya, hayaniya zalla. Na biyu na ban tsoro, Auta ta rufe fuska tana leƙe ta tsakanin yatsu. Na uku kam haushi ya ba ni, sun zazzage labarin kaf, har wanda ya ci amana sai da suka nuna mana, to me ya rage mu zo gani? Dama yawanci ba darakta ke yanka tallan ba, akwai kamfanonin da sana'arsu kenan, kuma sukan fara aiki tun ba a gama haɗa fim ba, shi ya sa za ka ga wani wuri a talla ka shiga fim ka neme shi ƙasa ko sama ka rasa, ko kiɗan da ya ja ka ashe aro aka yi. Na raɗa wa Yaya cewa tun 1913 aka fara abin nan a Amurka, kuma a da sai fim ya ƙare ake sakawa, da aka ga mutane tashi suke yi aka dawo da shi farko. Ta ce da sun bar shi a can da sun kyauta mata.

Sai na huɗu. Wata mata ce ke tuƙa jirgin ƙasa cikin dusar ƙanƙara, kusan babu magana, numfashinta kawai da ƙarar ƙarfe. Da aka rubuta watan da zai fito na dafa hannun Yaya na ce wannan kam ranar farko za mu zo.

Ta ce, "Ku dai za ku zo. Kin manta lokacin na tafi?"

Ko kallona ba ta yi ba fa, tana kashe ƙarar wayarta ta faɗa, a hankali, kamar ba komai. Ba wai ban sani ba ne, gidan kowa ya sani, akwatunanta ma suna nan jingine a ɗaki kullum ina tuntuɓe da su. Amma a kaina tafiyar tana can nesa, yau ne aka rubuto min watan ɓaro-ɓaro a allo da manyan haruffa. Aka fara fim ina zaune kawai, mutane na dariya ni ban san me aka ce ba.

A hanya na ce mata maganar nan ba ta min daɗi ba. Ta yi dariya wai ni da saka abu a rai, za ta kalla a can in kalla a nan mu yi waya. Na ce ai ba rana ɗaya fim ke fita a kowace ƙasa ba, wani wurin sai an yi makonni. Ta ce to duk wadda ta riga ta kama bakinta. Auta ta ce ita kam sai ta faɗa.

Fim ɗin? Ba laifi. Tsayi ya yi yawa. Sanyin esi kuma kamar a kashe mutum.

Gobe wai in taya ta ware kayan da za ta bari. Na ce mata sai na ga yadda na tashi.